KASUWANCI TA NA'URA: MA'ANARSA DA ASALINSA

(Wanga jawabi ne da wani ɗan ƙungiyarmu ya yi a taron bayan kaka. Ya daɗe yana aikin lissafi a wani gidan ciniki a Maraɗi. Kwamiti ya ga ya dace a buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba, da ƴan uwanmu da ke wurin biɗa. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.)



Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da ƴan kwamiti, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da kaka. Ni ɗanku ne, a gabanku na tashi. In na yi kuskure ku gyara mini.

Kun san abin da ya tara mu. Waken da munka tara bana yana cikin mangaza. Wani mai saye daga kudu, wanda babu ko ɗaya cikinmu da ya taɓa ganin fuskarsa, ya ga hoton waken cikin wayar wani saurayinmu. Ya ce yana so, a ɗora masa a mota, shi kuma ya turo kuɗɗi ta waya. Farashin da ya faɗa ya fi na kasuwarmu. Tun daga ranar taro ya rabu biyu. Iyayenmu sun ce wanga cinikin biri a sama ne. Samari sun ce haka duniya ke ciniki yanzu, in munka tsaya za a bar mu baya. Waken nan kuwa gumin kowane gida ne. In ya salwanta babu kuɗɗin iri da taki na baɗi, kuma ina tsoron ƙungiyar kanta ta watse.

Kafin in ce komi, bari in faɗa muku abin da ya same ni, don kada ku ce mai baki ne kawai. Shekarun baya na haɗa albasa da ƙanen mahaifina. Wani mutum ya kira ni, munka daidaita. Ya turo mini hoton takardar da ke nuna ya aiko da kuɗɗin, da sunana da lambata da komi. Na sa anka yi lodi, mota ta tashi da la'asar. Da safe na je karɓar kuɗɗi, anka duba, anka ce babu wanda ya aiko mini ko dala. Na kira lambar, a kashe. Har yau a kashe take. Shekara 2 na yi ina biyan baffana rabonsa, kuma kunyar ta fi kuɗɗin ciwo. Tun lokacin na sa kaina binciken wanga abu: mi ne ne shi, ina ya fito, ƙaƙa waɗanda sunka fara shi sunka tsare kansu. Abin da na samu shi zan faɗa muku.

1. MI AKE NUFI DA SHI?

Kowane ciniki a duniya abu 3 ke tafiya cikinsa: magana, kaya da kuɗɗi. Magana ita ce labarin abin da ke akwai, da nawa ne, da alkawarin da anka yi. Can da, ukun tare suke tafiya. Falke ya ɗauki kayansa, da kuɗɗinsa, da bakinsa, ya kai su kasuwa da ƙafarsa.

Kasuwanci ta na'ura shi ne a cire magana da kuɗɗi daga cikin tafiyar, a sa su cikin waya ko kwamfuta, su riga kaya isa. Kaya kuwa, in buhu ne ko dabba, dole sai sun bi hanya kamar kullum. Babu wayar da ke ɗaukar buhun wake.

Abin kashi 2 ne. Akwai ƙarami, wato saye da sayarwa ta intanet: ka ga kaya, ka zaɓa, ka biya, a kawo maka. Akwai kuma babba, wanda ya haɗa dukan aikin gidan ciniki: lissafin abin da ya rage a mangaza, odar sabon kaya daga masana'anta, biyan ma'aikata, sanin inda mota ta kai, amsa kukan mai saye. Kamfanin kwamfuta na Amurka mai suna IBM shi ya yaɗa sunan wanga babban kashi cikin tallarsa a 1997. Sun ɗauki harafin "e", wanda shi ne farkon kalmar na'urar lantarki a Ingilishi, sunka liƙa shi gaban kalmar kasuwanci. Sunan ke nan sabo. Aikin kuwa ya girmi sunan da shekaru masu yawa.

Don haka, Inna, ranar da ɗanki ya aiko miki kuɗɗi daga Abijan kinka karɓa a nan ba tare da kowa ya taka hanya ba, kin shiga wanga abu. Baba, ranar da ka sa anka kira maka Dawanau ta Kano don jin kuɗɗin gero kafin ka sayar, ka taɓa bakinsa. Mun riga mun shiga. Abin da ya rage shi ne mu san ƙa'idarsa.

2. ASALI NA FARKO: WAYAR TANGARAHO

A 1844 wani Ba'amurke mai suna Samuel Morse ya aika saƙo ta wayar ƙarfe daga birnin Washinton zuwa Baltimo. Daga nan labari ya fara rigan doki da jirgin ruwa. A 1866 anka shimfiɗa waya ƙarƙashin teku tsakanin Turai da Amurka, ta kama aiki sosai. Kafin nan farashin auduga na Ingila sai ya yi kwana 10 ko fiye cikin jirgi kafin a ji shi a Amurka. Bayan wayar, a rana guda ake ji.

A 1871 kamfanin Western Union ya fara aika kuɗɗi ta tangaraho. Ka ba ma'aikaci kuɗɗi a wanga gari, ya buga ma abokin aikinsa na wancan gari, shi kuma ya biya mutuminka daga akwatinsa. Ku lura da kyau: kuɗɗin ba su motsa ba, magana ce ta tafi. Dattawan da sunka karɓi manda a gidan waya sun san wanga aiki. Abin da ke cikin salula yau jikansa ne.

3. ASALI NA BIYU: TAKARDAR LODI

Nan ne ainihin tushen abin, kuma mutane da yawa ba su san shi ba. Bayan yaƙin duniya na 2, a watan Yuni na 1948, Rasha ta toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa masu shiga yammacin birnin Balin na Jamus. Mutane sama da miliyan 2 ke ciki. Amurka da Ingila sunka shiga kai musu cimaka da kwal ta jirgin sama. Kafin a gama aikin a 1949 an kai kaya sama da tan miliyan 2. Wani lokaci bayan kowane ƴan mintoci jirgi ke sauka.

Wahalar da ta taso ta takarda ce. Kowa da yadda yake rubuta takardar lodinsa, wani da wanga harshe, wani da wancan. Jirgi ya sauka, masu sauke kaya ba su san mi ke ciki ba. Wani sojan Amurka mai kula da kaya, Edward Guilbert, tare da abokan aikinsa, sunka tsara takarda iri guda. Kowane abu da gurbinsa: irin kaya nan, yawansa nan, nauyinsa nan. Sai a aika abin da ke cikin takardar ta tarho, ko ta rediyo, ko ta telekis, wato injin da ake buga rubutu nan ya fito bisa takarda can. Kafin jirgi ya sauka an san abin da ya ɗauko.

Da Guilbert ya bar soja ya kama aiki a kamfanin DuPont, ya ci gaba da wanga dabara a farkon shekarun 1960 tsakanin kamfanin da masu ɗaukar masa kaya. A 1968 kamfanonin jirgin ƙasa da na motoci da na jiragen ruwa na Amurka sunka kafa kwamiti don su yarda da tsari guda, sunka fitar da shi a 1975. A 1987 anka amince da tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya wanda kowace ƙasa ke iya aiki da shi. Da haka kwamfutar wani kamfani ke aika oda, kwamfutar wani ta karanta, babu magatakarda a tsakani.

Wasu sana'o'i ma sun bi. A 1964 kamfanin jiragen sama American Airlines, da taimakon IBM, ya kammala tsarin da ke nuna ma kowane mai sayar da tikiti kujerun da sunka rage, don kada a sayar ma mutum 2 kujera guda. A 1973 bankuna 239 na ƙasashe 15 sunka kafa SWIFT a Beljiyam don su riƙa aika ma juna saƙon kuɗɗi da tsari guda, ta fara aiki a 1977. A 1974, a wani kanti na jihar Ohayo, anka fara karanta zanen layukan nan baƙaƙe da kuke gani a jikin kwali, bisa ƙunshin cingam.

Darasin farko ke nan. Inji ba ya gane "ɗan buhu mai kyau" ko "waken ba laifi". Sai an yarda da ma'auni guda, da suna guda, da takarda guda. Tun kafin intanet ta zo, manyan kamfanoni sun yi shekaru suna ciniki ta na'ura, kuma ya yi musu sauƙi don sun san juna, sun sa hannu bisa yarjejeniya kafin a taɓa inji.

4. YADDA ABIN YA SHIGA GIDAJE

A 1979 wani Bature na Ingila, Michael Aldrich, ya haɗa talabijin da wayar tarho da kwamfuta, ta yadda mutum zai yi oda daga ɗakinsa. A 1984, a garin Gateshead, wata tsohuwa mai shekara 72, Jane Snowball, wadda ta karye a ƙugu ba ta iya zuwa kanti, ta yi odar ƙwai da man shafa ma burodi da abin karin kumallo daga kantin Tesco ta talabijin ɗinta. Anka kawo mata har ƙofa. Ku ji yadda ta biya: hannu da hannu, bayan kaya sun iso.

Faransa ta bi tata hanya. A 1982 hukumar tarho ta ƙasar ta fitar da wani ɗan akwati mai allo da ake kira Minitel, ta riƙa ba masu tarho kyauta maimakon littafin lambobi. Da shi Faransawa ke sayen tikitin jirgin ƙasa, su duba ajiyarsu a banki, su yi odar tufafi. Miliyoyin gidaje sun yi aiki da shi. Duk da haka intanet ta zo ta ture shi, anka rufe shi a 2012. Na kawo shi don ku san inji yana tsufa ya mutu kamar jaki. Kada mu ɗaure ƙungiya ga inji guda ko kamfani guda.

Yanar gizo kuwa wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara ta a 1989 a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba. A 1993 cibiyar ta sake ta kyauta ga kowa. Sai kasuwa ta buɗe ma wanda ba kamfani ba. Amma sai wata matsala ta fito: in ka rubuta lambar katin bankinka, ɓarawo na iya tsinta a hanya. Anka samo dabarar kulle lambar cikin rubutun asiri. A watan Agusta na 1994 wani ɗan ƙaramin kamfani a Amurka, NetMarket, ya sayar da faifan waƙa ta wagga hanya bisa dalar Amurka 12 da santi 48. Ba dalarmu ta tamma 5 ba. Ana lissafa shi cikin cinikin farko da anka yi da kulle.

A 1995 Amazon ta fara sayar da littattafai. A shekarar dai anka buɗe kasuwar gwanjo da yanzu ake kira eBay. Cikin kayan farko da mai ita, Pierre Omidyar, ya sayar akwai ɗan tocilan na nuni wanda ya lalace, bisa dala 14 da santi 83. Har ya tambayi mai sayen ko ya gane abin lalatacce ne, mutumin ya ce ya gane. Ku riƙe wanga: ya faɗi aibin kayansa tun farko.

Daga nan mutane sunka ruɗe. Kowa ya buɗe shafi sai a zuba masa kuɗɗi, ko bai taɓa cin riba ba. A watan Maris na 2000 kasuwar hannun jarin irin waɗanga kamfanoni ta fara faɗuwa, kafin ƙarshen 2002 ta rasa sama da kashi 3 cikin 4 na darajarta. Kamfanin Webvan, mai kai cefane gida-gida, ya gina manyan mangazu, ya sayi motoci, ya karye a 2001 don kuɗɗin kai kaya sun fi riba. Ita kanta Amazon sai a 2003 ta fara rufe shekara da riba. Darasi na biyu: kuɗɗin mota, da lalacewar kaya, da bashi, duk suna nan ko ciniki ta waya anka yi shi.

5. WA ZAI TSAYA A TSAKANI?

Yanzu na zo ga abin da ya fi damunmu. Mutum 2 ba su san juna ba, ba su ga juna ba. Wa zai fara sakin nasa? Mai kaya na tsoro, mai kuɗɗi na tsoro. Waɗanda sunka kafa waɗanga kasuwanni sun gamu da wagga tambaya, kuma inji bai amsa musu ita ba. Sai da sunka nemi dabara.

A 1996 eBay ta buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa ke rubuta shaida bisa juna bayan ciniki. Wanda ya cika alkawari sunansa ya yi kyau, wanda ya ci amana kowa ya gani. A ƙasar Sin, Jack Ma ya kafa Alibaba a 1999 a birnin Hanzu. Da sunka buɗe kasuwar ƙananan masu ciniki sunka tarar mutane ba su yarda da juna ba. Sai sunka kafa Alipay a 2004. Mai saye ya ba Alipay kuɗɗi ta riƙe, mai kaya ya aika, sai mai saye ya ce kaya sun iso lafiya sannan a sakar ma mai kaya kuɗɗinsa.

Iyayenmu, wanga ba baƙon abu ba ne gare ku. Kakanninmu fatake sun yi watanni a hanya zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, da kanwa da tufafi, su dawo da goro. In falke ya isa garin da bai san kowa ba, gidan mai gida yake sauka. Mai gida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa. Wani masani, Abner Cohen, ya zamna unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 bisa cinikin shanu da goro na Hausawan can. Ya nuna ana ba mahauta shanu bashi, kuma mai gida ne ke lamuni: in mahauci bai biya ba, shi ke da alhakin kuɗɗin baƙonsa. Abin da ke riƙe mai gida shi ne sunansa. In ya ci amanar baƙo guda, labari ya kai arewa, babu mai sake sauka gidansa.

To, shaidar eBay ita ce sunan mai gida. Riƙon kuɗɗi na Alipay shi ne lamuni. Sun sa su cikin inji ne kawai. Ni da na yi hasarar albasa, wayar ba ta cuce ni ba. Na yi ciniki babu mai gida, babu lamuni, babu shaida, don in tsira da kuɗɗin la'ada. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

6. ABIN DA YA ISO MU

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Wata malamar jami'a a Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006. Ta samu cewa inda waya ta kama, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Amfanin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna, masu wuyar hanya. Dalili a fili yake. Da, ɗan kasuwa sai ya biya mota ya je ya ga farashi. Yanzu kira guda ya isa, hatsi ya nufi inda ake bukatarsa.

Aika kuɗɗi ta salula kuwa a Kenya ya yi ƙarfi, da M-Pesa da kamfanin Safaricom ya fara a 2007. Ƙarfinsa ya zo daga masu shaguna da ke karɓa su biya a kowace unguwa, mutanen da jama'a ta sani.

A nan gida, bayan damanar 2009 da ba ta yi kyau ba, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba taimako a ƙauyukan jihar Tawa a 2010, kimanin jikka 22 kowane wata har wata 5, galibi ga mata. Wasu ƙauyuka an ba su hannu da hannu, wasu ta waya da tsarin da ake kira Zap lokacin. Da anka gwada, matan da sunka karɓa ta waya ba su ɓata lokaci wajen doguwar tafiya da jiran layi ba, kuma gidajensu sun fi cin abinci iri-iri. Yau kuma kun san gidajen aika kuɗɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, ta nan ɗiyanmu na wurin biɗa ke aiko da na cefane.

Don haka, iyayenmu, abin yana da amfani na gaske, an gwada shi a ƙasarmu. Ku kuma ƙannena samari, tsoron iyayenmu yana da tushe, ga ni tsaye ni ne shaida.

7. SHAWARATA GA ƘUNGIYA

Ban ce a sayar ma mutumin nan ba, ban ce a kore shi ba. Ga abin da nake roƙon taro ya duba.

Na 1. Mu yi takardar lodi iri guda, kamar ta Balin. A rubuta irin wake, shekarar da anka noma shi, buhu nawa, tiya nawa cikin buhu, farashi, wa ke biyan mota, lambar mota, sunan direba da ranar tashi. In akwai buhun da ƙwari sunka taɓa a faɗa. A tura ma mai saye, ya amsa a rubuce. Liman ya fi ni sani, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, bisa rubuta bashi da kafa shaidu take.

Na 2. Hoton takarda ba kuɗɗi ba ne. Saƙon da ya shigo waya ma ba kuɗɗi ba ne. Sai ma'aji ya je da mutum 2 sun karɓa a hannu, ko sun tabbatar kuɗɗin sun zamna cikin ajiyar ƙungiya, sannan mota ta tashi. Duk mai saye da ya ce "yi sauri, mota na jira", a ƙara jinkirta masa.

Na 3. Baƙon da ba mu sani ba ya kawo mai lamuni da munka sani. Muna da ƴan uwa a garuruwan kudu. Mu sa ɗayansu ya je ya ga shagon mutumin da idonsa, ya tambayi shugabannin kasuwar. Gani ya kori ji. In akwai la'ada mu biya da farin ciki, ta fi hasara arha.

Na 4. Mu fara da kaɗan. Ya ba da kafin alƙalami, a aika masa kashi guda, ya cika kuɗɗi, sannan a ƙara. Shi ma yana da haƙƙin jin tsoronmu, don bai san mu ba. Mu cika masa ma'auni, mu aika ranar da munka ce. Sunan garinmu shi ne jarinmu.

Na 5. Lambar asiri ta ajiyar ƙungiya ba a faɗa ma kowa ta waya, ko ya ce daga kamfani yake kira. Kuma duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi cikin littafin takarda. Waya na faɗawa rijiya, ana sace ta, caji na ƙarewa.

Na 6. A kowane taro magatakarda ya karanta lissafi da ƙarfi, maza da mata su ji. Iyayenmu mata suna da kaso cikin waken nan, kuma da yawa ba su karatu. Kada waya ta sa dukiyar mutum 100 ta koma hannun mutum 2 da sunka iya latsawa. Samari su ware rana guda a mako su koya ma duk mai so yadda ake duba saƙo da gane lambobi.

Ƴan uwa, abin da na gane cikin bincikena shi ne wanga. Tun daga tangaraho har zuwa salula, inji ya rage ma ɗan kasuwa tafiya da jira. Ma'auni na gaskiya, da rubutu, da mai tsayawa a tsakani kuwa, kowane zamani sai da anka neme su. Samari na da waya, dattawa sun san mutane da hanyoyin lamuni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In taro ya yarda, a zaɓi dattijo 2, mace 2 da saurayi 2 su zamna gobe bayan azahar su tsara takardar, ni kuma zan zo da biro da littafi.

Abin da ya sawwaƙa ke nan. Wanda na ɓata ma rai ya yafe mini. Allah ya tsare mana guminmu, ya haɗa mu da abokan ciniki na kirki, ya nuna mana damana mai albarka.